Takardun da Doña Otilia Ba Ta Zubar Ba

Shagon Doña Otilia Barragán yana unguwar Santa Tere, tsakanin mai kayan miya da mai gyaran takalmi, yana kallon ƙofar makarantar sakandare. Faɗinsa bai wuce a ajiye ƙaramar mota ba. Injin fotokwafi biyu ne a ciki, da firinta, da wuƙar yankan takarda wadda ta girme ni, sai kanta cike da biro da fensir da littattafan rubutu. Tun ina aji ɗaya nake shiga shagon nan. A can aka ɗinke mini kundin kammala digiri. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wace ce matar ba, sai da ta kusa raba ni da littafina na farko ba tare da ta sani ba. Wata uku ke nan, har yanzu in waya ta yi ƙara sai na zabura na duba wa ke kira.

Shekarunta sittin da uku. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, tabarau na rataye a wuyanta da igiyar takalmi. A wani ƙauye na tuddan Jalisco aka haife ta, inda ta yi aji huɗu na firamare tana rubutu a kan takardar buhun siminti da mahaifinta yake yanko mata daga wurin gini. Tana da shekara goma sha uku aka kawo ta Guadalajara, maɗaba'ar kawunta, tana ninke katin biki da takardun 'yan siyasa. Aikinta na ƙarshe kullum kafin a rufe shi ne ta tsince yanke-yanken takarda daga ƙasa, ta ware masu amfani. Ta auri wani direban bas, Don Ruperto, ta haifi maza biyu da yanzu suke can Arewa, a ƙetaren iyakar ƙasarmu, suna aikin rufin gidaje. Da mijin ya rasu sai ta buɗe shagon, shekara talatin da ɗaya ke nan.

Dokokinta biyu ne, kowa a unguwa ya san su. Ta farko, ba ta karanta abin da aka kawo mata.

"Nan ake kawo takardar rabuwar aure, nan ake kawo sakamakon asibiti," haka take cewa. "In na karanta, da wane ido zan kalli mutum ranar Lahadi a coci?"

Ta biyu, ba ta zubar da takardar da bayanta yake fari. Wadda ta ga hatimi ko hoton mutum a kai, wannan takan kekketa ta da hannu. Sauran kuwa, waɗanda inji ya ɓata ko mai su ya ce ba ya so, kwali suke shiga a ƙarƙashin kanta. In kasuwa ta lafa da hantsi sai ta ɗebo goma-goma, ta kifa su, ta sa ɗan kwali a baya, ta maƙale su da ƙarfe a sama. Su ne gyaran da take ba 'yan makaranta. Ka sayi fensir ɗaya, ta miƙa maka ɗauri guda na yin lissafi. Ni kaina na warware lissafi da yawa a bayan wa'azin wani fasto da jerin kayan wani shagon fenti. Na san da wannan sarai. Wannan ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina.

Littafina labarin wata yarinya ne mai shekara goma sha biyar, Zulema, wadda mahaifinta ya tafi Arewa labarinsa ya yanke. Kakarta ba ta gani sosai, sai Zulema ta riƙa rubuta wasiƙu da sunan uban tana karanta mata. Shekara biyu na yi ina rubuta shi. Da na gama sai na gano cewa manyan kamfanonin ɗab'i ba sa duba abin da marubuci ya aiko da kansa, sai ta hannun wakili, wato wanda yake kai littafi gaban edita ya yi ciniki a madadinka. Wakilai ashirin da uku na rubuta wa, daga Barcelona har Buenos Aires. Huɗu suka ce a'a cikin ladabi. Goma sha takwas ba su ce komai ba. A watan Agusta sai ga amsa daga wata Berenice Olguín, mai ƙaramin ofis a babban birnin ƙasa, ita da ma'aikaciya ɗaya.

Ta kira ni a waya. Ta ce ta karanta har ƙarshe, kuma ba kullum take yin haka ba. Shawararta ita ce mu fara da gasar littattafan matasa da wani babban kamfani yake yi duk shekara, domin wanda ya ci ana buga shi, makarantu kuma su ɗauka. Amma ba za mu sa hannu a yarjejeniya ba tukuna, sai mun ga juna ido da ido a baje kolin littattafai da ake yi a nan Guadalajara a ƙarshen Nuwamba.

"Nayeli, kin san ƙa'idar gasa?" ta tambaye ni.

Na sani, duk wanda ya karanci adabi ya sani. Kwafi uku a takarda, a ɗinke. Ba sunan marubuci ko'ina a jiki, sai sunan aro. Sunanka na gaskiya yana cikin ambulan da aka liƙe, ba a buɗewa sai in ka ci. A cikin ambulan ɗin kuma akwai takardar da ka sa wa hannu cewa littafin bai taɓa fita ba, ko a takarda ko a intanet.

Ana saura kwana uku a rufe karɓa na je wurin Doña Otilia. Inji ya gama fitar da kwafi uku, shafi ɗari da saba'in da huɗu kowanne, tana daidaita bakinsu a kan kanta, sai idona ya faɗa saman shafi. Ga shi nan da ƙananan haruffa: Nayeli Topete. A kowane shafi. Tun shekara biyu na sa shi a can, idona ya saba har ya daina ganinsa.

"Wayyo, Doña Oti, na kashe kaina."

"Me kika kashe, 'yata? Ga ki tsaye."

Na gyara, ta sake bugawa, ta ɗinke da zoben roba. Na ɗauki sababbin ina sauri kada ofishin aika saƙo ya tashi. Daga bakin ƙofa ta kira ni tana nuna tsofaffin.

"Waɗannan fa?"

"Ba na so. Ki yi yadda kika ga dama da su."

Haka na ce. Na sha maimaita maganar nan a kaina, ko zan samo wata ma'anar da za ta wanke ni. Babu.

Farkon Nuwamba, wata Laraba da rana, ina cikin bas zan je wurin da nake koyar da yara darasin gida. 'Yan mata biyu cikin kayan makaranta suna zaune a gabana suna raba shan tejuino, wani kunun masara mai sanyi, da tsinke ɗaya.

"Ni dai na ce tsohuwar ta sani," in ji mai gajeren gashi. "Tun wasiƙa ta uku ta sani. Shiru kawai ta yi."

"Ke dai Dafne kin fiye son iyawa. Makauniya ce fa."

"Makauniya, ba kurma ba. Wane uba ne zai rubuto wai kewar miyar kabewa yake yi? Ai Zulema ce ke son miyar kabewa, banza."

Na riƙe ƙarfen kujera. Da farko abin da ya zo mini shi ne wani ya riga ni rubuta labarin, har da miyar. Sai na leƙa ta saman kafaɗarsu. A fuskar wayar Dafne hoton shafi ne, an ɗauke shi a karkace a kan teburin aji, da inuwar yatsa a gefe. A sama, ƙananan haruffa.

"Don Allah," na ce, "ina kuka samu wannan?"

Suka juyo suka dube ni sama da ƙasa.

"Seño, ke ma kina bi?" in ji Dafne. Seño, kamar wata malamar aji, ni da nake da shekara ashirin da uku. "Wane ɗauri ne a hannunki? In kina da mai farawa da ɗari da saba'in da ɗaya, komai kike so za mu ba ki."

Na wuce tashata da biyu ina sauraronsu. Wata 'yar aji uku ce ta fara juya ɗaurinta a darasin lissafi don gajiya. Ta karanta shafi goman, labari ya tsaya a tsakiyar jimla. Ta tambayi ta kusa da ita, sai ga wani goman, amma na gaba can. Cikin mako biyu suka buɗe zauren hira a waya, kowa ya ɗauki hoton nasa ya tura, Dafne tana jerawa bisa lambar shafi. Su arba'in da wani abu ne, har da maza biyar da suke cewa don ƙannensu suke karɓa. Ƙarshen ne ya gagare su. Kwafi uku na shafukan ƙarshe, babu wanda ya faɗo hannun ɗan makaranta.

"Shi ya sa na ɗora shi a shafin da ake karanta labarai," in ji Dafne da alfahari. "Ko wani a gari yana da ragowar. Na sa sunan matar ma, don kada a ce sata na yi. Mutum ɗari shida sun buɗe."

"Kin san ta?" in ji ƙawar. "Dafne ta ce wai ta mutu ne, danginta suka zubar da kayanta."

Na ce musu ba ta mutu ba tukuna. Na karɓi lambar Dafne, na sauka, na nufi Santa Tere.

Ban je darasin ba. Na iske Doña Otilia tana cin abincin rana a tsaye kamar kullum, burodi da wake a kan takarda. Na faɗa mata komai a hargitse, da tsawa, ina kuka. Ban taɓa ɗaga mata murya ba kafin ranar. Ta ajiye burodin, ta goge hannu, ta saurare ni har na gaji.

"Shi ya sa," ta ce a hankali. "Na yi ta mamakin yaran nan. Kowace ta sayi abin goge fensir, in miƙa mata ɗauri, sai ta juya bayansa ta duba ta ce in canza mata. Na ce a raina yaran zamani har takardar banza sai sun zaɓa."

"Ba ki tambaye su ba?"

"In tambayi me? Abin da ke rubuce ba nawa ba ne." Ta sa tabarau, ta cire. "To tsaya in gane. Ba don a karanta kika rubuta shi ba?"

"Don a karanta. Amma ba yanzu ba."

"Ba don yara irin waɗannan ba?"

"Don su ne. Amma sai alƙalan gasa sun fara karantawa."

"Alƙalan yara ne?"

"Manya ne, Doña Oti."

Ta jujjuya maganar, ba gardama take yi ba, so take ta fahimta. Na yi mata bayanin ambulan, da takardar da na sa wa hannu, da wasiƙu ashirin da uku, da mace ɗaya tak da ta karɓe ni. A nan ne fuskarta ta canza. Gasar ba ta shige ta ba, amma sa hannu ta san shi.

"Wato ta dalilina kin zama maƙaryaciya a takarda."

"Ni na ce ki yi yadda kika ga dama."

"Ke yarinya ce mai sauri. Ni ce tsohuwa a wurin." Ta naɗe sauran burodin. "Shekara talatin da ɗaya, ko sunan ciwon mutum bai taɓa fita daga shagon nan ba."

Na kwana biyu ina shawarar in yi shiru. Dafne ta sauke labarin daga shafin da zarar na yi mata bayani, bayan ta sa na rantse cewa ni ce, ta kuma nemi in nuna mata katina. Wa zai sani? Amma mutum ɗari shida sun buɗe, da sunana a sama, kuma a cikin alƙalan irin wannan gasa akan sa malaman sakandare. Ranar Juma'a da safe na kira Berenice.

Ba ta katse ni ba. Da na gama sai na ji tana buga biro a kan tebur.

"Za ki rubuta musu yau ki janye," ta ce. "Ba gobe ba. In suka gano da kansu, ba ke kaɗai za su rufe wa ƙofa ba, ni na gaya wa editarsu ta sa ido a kan abin da zai zo daga Guadalajara."

"Ki yi haƙuri, Licenciada," na ce, ina kiranta da laƙabin girmamawa na masu digiri.

"Haƙuri ba ya mayar da littafi sabo. Wannan kamfanin ya tafi, kada ki sake tunaninsa."

"Mu kuma fa? Ni da ke?"

"Ina zuwa baje koli ranar ashirin da tara. Za mu gani."

Ranar Litinin, ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da shagon ya fi cika, mai gyaran takalmi ya ga Doña Otilia ta sauke ƙofar ƙarfe. Ya ce tun da aka buɗe shagon bai taɓa ganin ƙofar nan a ƙasa da rana ba, har ya fito yana tambayar wa ya mutu. Ta tsallaka titi da kwali a ka, cike da sababbin littattafan rubutu masu bango, ta tsaya a ƙofar makaranta. Duk wanda ya kawo ɗauri mai sunana, ta ba shi sabon littafi. Ni ban sa ta ba. Dafne ce ta kira ni tana dariya.

"Seño, zo ki ga tsohuwarki. Tana tare mutane kamar 'yar sanda. Ta kama Ulises da ɗauri biyu a jaka, wai na ƙanwarsa ne, shi da ba shi da ƙanwa."

Kwana huɗu ta yi tana tsayawa a can. Wasu ba su so bayarwa ba sai da ta yi musu alkawari. Na ce mata aikin banza take yi, hotuna suna cikin wayoyi arba'in, an riga an janye daga gasa.

"Na sani," ta ce. "Wayoyin ba daga hannuna suka fita ba. Takarda ce ta fita daga hannuna."

Ta samo arba'in da shida cikin hamsin da huɗu. Na shafukan ƙarshe kuwa ta tuno inda suka tafi: ɗaya wurin mai nama, ya gama rubuta odar kwastomomi a kai ya yar; ɗaya wurin sakatariyar coci; ɗaya wurin wani tsoho mai lissafin lambobin caca, wanda ya ce ya karanta, kuma a ganinsa uban ɗan iska ne.

Berenice ta ba ni rabin awa a ranar Talata, a wani teburin shayi cikin baje kolin. Na zaci doguwar mace zan gani. Sai ga 'yar siririya mai furfura, da takalmin gudu, da jaka mai taya. Ta sa na sake ba ta labarin daga farko. Wannan karon, da na zo wurin tsohuwa a ƙofar makaranta da kwali a ka, sai ta ɗago.

"Takardun suna ina yanzu?"

"A shagonta."

Ta duba agogo, ta duba jerin mutanen da za ta gani, ta ja layi a kan suna ɗaya. "Yana da nisa?"

Muka iske Doña Otilia tana yi wa wani ɗan sanda kwafin takardu. Ta gama da shi tukuna, sannan ta dubi baƙuwar.

"Ke ce mai kai littattafai?"

"Ni ce, señora."

"To laifin nawa ne, ba na yarinyar nan ba. In akwai inda ake rubutawa, a rubuta Otilia Barragán."

"Babu inda ake rubutawa," in ji Berenice. "Zan iya ganinsu?"

Doña Otilia ta share saman kantar shagon, ta fito da kwalin, ta jera ɗaurin bisa lamba daga wannan gefe zuwa wancan, masu lamba ɗaya a kan juna. Berenice ta ɗauki na farko tana juyawa, tana karanta abin da yara suka rubuta a gefe. Wata ta zana zuciya. Wata ta rubuta zagi ga uban Zulema da jan biro. Doña Otilia ta tsaya tana kallonta, hannu a ƙugu, har ta kasa haƙuri.

"Ba haka ake duba takarda ba. Kawo."

Ta karɓa, ta riƙe shi a tafin hannu kamar mai auna nauyi, ba ta sa tabarau ba.

"Wannan ya bi hannu ya fi ashirin. Taɓa gefen ki ji, ya yi laushi kamar tsumma. Dubi wurin ƙarfen, an ninke kowace takarda har ta kusa tsinkewa. Bayansa kuma fari fat, babu wanda ya yarda ya yi lissafi a kai." Ta ajiye, ta ɗauki wani. "Wannan an sa shi a aljihun siket, an kai shi gida. Wannan an ci abinci a kansa. Wannan kuma ruwa ya ɗiga masa, ɗigo uku, ba na sama ba ne, na sama ba ya faɗuwa wuri ɗaya."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta zo tsakiya. A nan ta tsaya, ta ƙwanƙwasa da yatsa.

"Waɗannan ukun kuwa ba su sha wahala ba. Ji ƙararsu, kamar yau na yanka. An ɗaga takarda ta farko, an ɗaga ta biyu, shi ke nan, sauran ko alamar ninki babu. An ɗauki hoto dai don a cika lamba. Juya bayansu." Berenice ta juya. Lissafi ne fal, da zanen taswira, da wasan kewaye da gicciye. "Duk kwafi ukun haka suke. Ni ban san me ke ciki ba, ba na kuma son sani. Amma yaran nan sun mayar da su abin da na ba su tun farko."

Shafi na sittin da ɗaya zuwa casa'in. Na san su ba sai na duba ba. Babi uku ne a kan ƙuruciyar uban, inda na zuba duk abin da na koya a jami'a. Malamina ya taɓa karanta ɗaya a gaban aji. In an ce in ceci shafi talatin daga gobara, su zan ɗauka.

Berenice ta buɗe jakarta mai taya, ta zaro littafin da take rubuta bayanai, ta nemo wani shafi ta juyo mini shi. Da rubutunta na watan Agusta: a duba 66 zuwa 84, labari ya tsaya. Ta yi dariya a karon farko tun da na san muryarta.

"Ni ma tausayinki na ji, na rage goma sha ɗaya. Señora, ina biyan wata mata a babban birni don ta gaya mini irin wannan, sai ta yi wata guda."

"Tana karantawa ne, shi ya sa," in ji Doña Otilia.

Ana haka aka tashi daga makaranta. Dafne ta shigo da mutum shida a bayanta, ta ga takardun a kan kanta, ta ga baƙuwa, nan take ta gane.

"Ke ce za ki buga shi? To ki gaya wa Seño ta faɗa mana ko kakar ta sani. Mako uku muna roƙonta, bakinta kamar an liƙe da gam."

"Ke me kika gani?" in ji Berenice.

"Ta sani mana."

"Shafi na saba'in fa, me ya faru a can?"

Dafne ta dubi ƙawayenta. "Wurin da uban yake ƙarami yana kallon kogi? Kai. Shafi goma yana kallon kogi. Ki yi haƙuri, Seño, amma ko kifi bai kama ba."

Duk shagon ya ɗauki dariya, har ɗan sandan da ya dawo neman hularsa. Ni ma na yi, ko da yake kunnuwana suna zafi.

Berenice ta ja ni waje, bakin rumfar mai takalmi. Ta daina dariya. Ta ce kada in ɗauka abin ya zama alheri, gasar nan ita ce hanya mafi sauƙi kuma na rasa ta. Manyan kamfanoni biyu ba za su taɓa littafin da ya taɓa hawa intanet ba. Akwai wani ƙarami a babban birni, littafi takwas suke fitarwa a shekara, editansu tsohon malamin sakandare ne. Shi za ta kai wa, da takardun nan a hannu, in Doña Otilia ta yarda. Ba ta yi mini alkawarin zai ɗauka ba.

"Littafi ɗaya, shekara ɗaya," ta ce. "In bai sayu ba kowa ya kama gabansa. Kuma shafi talatin ɗin nan su fita kafin tsakiyar Janairu. Ba gyara na ce ba, fita."

"Duka?"

"Ki bar masa kogin layi biyu in kina so."

Doña Otilia ba ta yarda da sauƙi ba. Ta ce takardun na yarinya ne, sai na ce a ba ta. Sannan ta ce ta yi wa wasu yara alkawarin za a dawo musu da nasu in komai ya lafa, don haka aro ne, kuma sai an rubuta. Berenice ta rubuta a bayan katinta cewa za ta dawo da ɗauri arba'in da shida, ta sa hannu. Doña Otilia ta ƙirga su a gabanta, ta naɗe da leda biyu saboda tafiya, ta ɗaure da igiya.

Yarjejeniyar ta iso bayan mako guda, shafi huɗu, na karanta ta sau biyar kafin na sa hannu. Babi ukun na cire su ranar tara ga Janairu, na yi kwana biyu ba na son magana da kowa. Littafin yana hannun editan yau kwana goma sha tara. Berenice ta ce ya buɗe ledar a gabanta, ya daɗe yana shafa gefen takardun da babban yatsa, ya tambaye ta shekarun yaran, sannan ya ce ta ba shi zuwa ƙarshen wata.